Kun dawo daga tafiya? Ku fara da zubar da ruwan tanki

A Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake gina ɗaki a cikinta, da gado da ɗan kicin da banɗaki har da shawa. Iyali kan ɗauke ta su tafi hutu, inda dare ya yi musu nan ne masauki. A ƙarƙashin kujera ko a ƙasan motar akwai tankin ruwa mai tsafta, galibi na kusan lita 100, sai kuma wani tanki daban da ke tara ruwan wanka da na wanke-wanke. Masu waɗannan motoci da suka san abin da suke yi suna da wata ɗabi'a: in za a ajiye mota ta daɗe, sai an zubar da ruwan tankin nan tas, ko da shekaranjiya aka cika shi.

Sukan kashe injin tura ruwa da na'urar ɗumama ruwa, su buɗe duk famfunan motar, na zafi da na sanyi, sannan su buɗe mazubar ƙasan tanki. Na'urar ɗumamawar ma tana da tata mazubar. Kan shawa kuwa a ƙasa ake kwantar da shi, don kada ruwa ya maƙale a tiyo.

Dalilinsu na farko bai shafe mu ba. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu, mu kuwa ko a Jos hunturu bai cika kai wa nan ba. Dalili na biyu ne namu, har ya fi damun mu fiye da su, saboda zafin ƙasarmu.

Mu da ke zaune a Legas, Ibadan, Abuja ko Fatakwal, duk Sallah ko dogon hutun makaranta mukan kulle gida mu tafi ganin dangi. Mako uku, wani lokaci wata guda, baƙin tankin roba na can saman ƙarfe yana shan rana da rabin ruwa a ciki. Ranar dawowa kowa a gajiye, a buɗe famfo, a yi wa yara wanka, a cika tulu. Ruwan garau yake, shi ya sa ba wanda ke zarginsa.

To amma ba ruwan da kuka bari ba ne. In na hukumar ruwa ne, ɗan kulorin da ke kare shi yakan gushe cikin 'yan kwanaki, zafi kuma yana gaggauta hakan. In na rijiyar burtsatse ne, wanda shi ne na yawancinmu, dama tun farko babu kulorin a ciki. Laka takan kwanta a gindi, sannan wani santsi ya lulluɓe bangon tanki da cikin bututu. Ku shafa yatsa a cikin tankinku, za ku ji shi. Wannan santsin gidan ƙwayoyin cuta ne, a ciki suke ɓuya su hayayyafa. In kuma murfi ya tsage ko iska ta ɗage shi, ga ƙadangare, ga kashin tsuntsu, ga sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, wanda ruwa mai tsafta a mazubi shi ne wurin ƙwansa.

Akwai wata ƙwayar cuta da ba a cika ambata a shagunan magani ba, sunanta Lijiyonela. An gano ta ne bayan wani taron tsofaffin sojojin Amurka a birnin Filadelfiya a 1976, inda mahalarta da dama suka kamu da ciwon huhu, wasu suka rasu. Tana bunƙasa a ruwan da ya tsaya wuri guda tsakanin digiri 20 zuwa 45 na ma'aunin Salsiyos, wato daidai ɗumin tankin saman gidajenmu. Abin lura shi ne, galibi ba ta hanyar sha take shiga jiki ba. Feshin ruwan shawa ne mutum ke shaƙa, ta wuce huhu. Don haka gidan da ke cewa "ai mu ruwan leda muke sha" bai tsira ba. Tsofaffi, masu shan taba, masu ciwon suga ko ciwon ƙoda, da masu raunin garkuwar jiki sun fi shiga haɗari.

Aikin ba mai wuya ba ne, yini guda ya isa. Ku kashe injin jan ruwa, ku buɗe mazubar ƙasan tanki. Na san ruwa kuɗi ne, musamman ga mai saye a wurin 'yan tanka, don haka a tara tsohon ruwan a yi ban ruwan shuka ko a kora masai da shi. Yawancin tankuna bakin bututunsu na sama da gindi kaɗan, ke nan lakar ba ta fita da kanta, sai an kwashe da soso da bokiti. A goge bango da buroshi mai dogon hannu daga waje.

Don Allah kada a zura yaro ciki wai don shi ne ƙarami. Tankin ƙarƙashin ƙasa kuwa, babba ma kada ya shiga shi kaɗai, domin iskar ciki na iya sumar da mutum kafin ya yi ihu.

Bayan wanki sai kashe ƙwayoyin cuta. Bilic ɗin wanki na kasuwa irin su Jik da Hypo ya wadatar, muddin marar turare ne. Ku duba jikin robar, in ƙarfinsa kashi 3.5 ne, a zuba kimanin mililita 150 ga kowace lita 100 ta ruwa, wato lita ɗaya da rabi ga tankin lita 1,000. A cika tanki, a buɗe kowane famfo da shawa har sai an ji warin bilic, sannan a rufe, a bar shi aƙalla awa 4. Wannan ruwan ba na sha ba ne, ba na wanka ko alwala ba, a gaya wa kowa a gidan. Daga nan a zubar, a ɗauraye da sabon ruwa har warin ya tafi. Kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Kan shawa a kwance shi, a jiƙa a ruwan bilic, a goge ramukan. Wurin da aka fi mantawa da shi ke nan.

Wanke tanki bai mai da ruwan burtsatse ruwan sha ba. Na sha a tafasa shi, ko a sa masa WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs bisa umarnin da ke jikinsu, a jira minti 30. Ko ba a yi tafiya ba, a wanke tanki sau biyu a shekara, ni na fi son farkon damina da ƙarshenta. Mazauna gidan haya da ke tarayya a tanki ɗaya, ku sa rana tare da maƙwabta, don kada wata ta ɗebi ruwan bilic ta dama wa jariri koko.

Idan wani a gida ya fara zazzaɓi mai zafi da tari da numfashi sama-sama cikin kwana 2 zuwa 10 da dawowarku, kada ku tsaya sayen maganin maleriya a kemis. Ku kai shi asibiti, ku kuma gaya wa likita cewa an yi wanka da ruwan da ya daɗe a tanki, domin magungunan da aka saba bayarwa irin su amoksisilin ba sa kashe Lijiyonela.