Tace Rubutu: Sana'ar da Ba a Cika Tallata Gurbinta Ba

Ranar da jarida ta fito babu kuskure, babu mai tambayar wanda ya gyara ta. Amma a wayi gari kanun labari ya ce gwamna ya sha alwashin ƙare jiharsa, alhali kare ta ya ce zai yi, nan take kowa zai tuna akwai wani teburi a ofishin jaridar, kuma wanda ke kansa ya yi gyangyaɗi. Mai wannan teburi shi ne mai tace rubutu, wanda 'yan jarida ke kira sab-edita. Duk abin da za a buga sai ya bi ta hannunsa, sunansa kuwa ba ya fitowa a ko'ina.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin bai wuce farautar harafin da ya faɗi ba. Wannan duban ƙarshe ne, wanda ake yi bayan an tsara shafuka, gab da a kai maɗaba'a, kuma shi ne mafi sauƙi. Akwai kuma babban edita da ke duba zubin aikin tun daga tushe, ya ce babi na uku ya dawo farko, ko kuma labarin nan bai nuna ba tukuna. Mai tacewa yana tsakiyar waɗannan biyun, yana bin rubutu jimla bayan jimla. Shi ne zai lura cewa jarumar da aka ce marainiya ce a shafi na 20 ta je gaishe da mahaifinta a shafi na 140. Shi zai tsaya a kan naira biliyan biyar da aka ce an kashe wajen haƙa rijiyoyi goma, ya kira wakilin da ya aiko labarin ya tambaye shi ko miliyan yake nufi. Idan wakili ya rubuta cewa 'yan sanda sun kama ɓarawo, shi zai mayar da shi wanda ake zargi da sata, domin kotu ba ta yanke hukunci ba, kuma ƙarar ɓata suna jaridar za ta hau, ba wakilin kaɗai ba. A takardar bayanin magani ko saƙon rigakafi, kuskuren adadi ɗaya ya wuce abin kunya, yana iya taɓa rai.

Rubutun bokon Hausa a hannun masu tacewa ya tashi. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. Da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya gasar ƙaga labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, ba yadda marubuta suka aiko aka buga su ba. Rupert East, shugaban hukumar, ya zauna a kansu, ya rage, ya gyara, ya daidaita rubutun. A littafin Jiki Magayi ma sunansa yana kan bango tare da na John Tafida. A wannan zamani ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka samu gindin zama. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam ya zama editanta, kuma Hausar da jaridar ta riƙa fitarwa ta zama ma'auni ga 'yan makaranta da ma'aikatan En'e. Ana iya yi wa East suka, an kuwa yi, kan yadda ya sa hannu da yawa a ayyukan wasu. Abin da ba a musu a kai shi ne, littattafan nan har yau ana karanta su a aji ba tare da malami ya tsaya neman gafara kan rubutunsu ba.

Bayan nan aka yi Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sai kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. A shekarar 1966 ɗin aka yi taron Bamako ƙarƙashin UNESCO kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, aka kuma yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar. Ke nan mai tace Hausa ba da ka yake aiki ba, yana da dokokin da zai dogara da su: inda ake haɗe kalmomi da inda ake raba su, dalilin rubuta "motarsa" a haɗe da "ya ba shi" a rabe, da abin da ya sa "yana" kalma ɗaya ce.

Sai aka shiga shekarun 1980, tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Marubuta matasa, mata da maza, suka ce ba za su jira kowa ba, suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu. Abin da aka zo ana kira Adabin Kasuwar Kano ke nan, zamanin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Wannan yunƙuri ya sa dubban mutane, musamman matan aure, sun riƙi karatu, kuma duk mai raina shi bai yi adalci ba. Sai dai a hanyar da yawancin littattafan suka bi, daga littafin rubutun marubuci zuwa mai buga tafireta zuwa maɗaba'a, babu kujerar mai tacewa. Aka yi shekaru ana karanta Hausar da ba a tace ba har ido ya saba. Yanzu da labaran suka koma Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda marubuciya ke sakin shafi kullum da dare masu karatu na jira, ko mai tafiretan ma babu.

A gidajen jarida ma kujerar tana ta raguwa, kuma ba a nan kaɗai ba. A 2017 jaridar New York Times ta Amurka ta rushe sashenta na masu tace labarai, har ma'aikata suka fice daga ofis na ɗan lokaci don nuna ɓacin ransu. A nan gida ba a ma yi sanarwa ba. Kawai dai an wayi gari mutum ɗaya ne ke fassara labari, ya tace, ya raɗa masa kanu, ya nemi hoto, ya ɗora a intanet, cikin minti kaɗan don kada wata kafa ta riga shi. Saboda haka matashin da ke jiran ya ga an yi tallar gurbin mai tace rubutu zai daɗe yana jira. Aikin yana nan, ya ma fi da yawa, sai dai ya watsu, kuma sau da yawa da wani suna yake zuwa.

Kafofin labarai na Hausa su ne ƙofa ta farko. Akwai Aminiya, da Leadership Hausa, da Premium Times Hausa, da TRT Afrika, ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI, waɗanda a da murya kawai ake ji, yanzu kuwa kowanne yana da shafin da ake karantawa. Wanda ya iya magana a rediyo ba lallai ne ya iya raba kalma a rubuce ba, kuma a irin waɗannan wurare duk wanda aka gane yana da idon gyara, ko da a matsayin mai fassara aka ɗauke shi, ba a jimawa ake tura masa aikin kowa. Daga nan ake hawa kujerar edita.

Ƙofa ta biyu ta fi kawo kuɗi, ko da yake ba ta da suna. Ƙungiyoyin agaji da hukumomin lafiya suna fassara saƙonni zuwa Hausa ba dare ba rana, kan rigakafi da tamowa da tsabtar ruwa da zaɓe, kuma masu tsari a cikinsu ba sa sakin fassara sai wani na biyu ya duba. Kamfanonin fasaha ma haka. Google Translate ya shigar da Hausa a 2013, Facebook ya bi baya a 2016, kuma duk wata manhaja ta banki ko ta waya da ke son magana da Bahaushe tana buƙatar wanda zai tabbatar kalmar da aka sa a shafin farko ita ce a shafin ƙarshe. Sai littattafan makaranta, da maɗaba'un jami'o'i irin na Ahmadu Bello da Bayero, da mujallun ilimi, da rahotannin shekara na kamfanoni, da rubutaccen zaman majalisa. Ga kuma fassarar da ake sa wa finafinan Kannywood a ƙasan allo, wadda ta daɗe tana ba masu kallo dariya a wurin da darakta ya so a yi kuka. Wanda ya iya tace Hausa da Turanci duka biyu, ko Hausa da Faransanci a Nijar, kasuwarsa ta ninka.

Kundin digiri kuwa sai an yi hattara. Gyara wa ɗalibi nahawu da alamomin rubutu da tsarin manazarta sana'a ce ta halal. Rubuta masa babi kuwa maguɗi ne, komai sunan da aka ba shi, kuma wanda ya fara da wannan ba ya komawa mai tacewa.

Wani abin da ya sa aikin Hausa ya fi ƙarfin wanda ya haddace ƙa'ida kawai shi ne faɗin ƙasar da ake karanta ta. A Nijeriya ana rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri a gaban y, a Nijar kuwa ƴ mai lanƙwasa ake sawa. Mutumin Maraɗi idan ya ce jika ɗaya, sefa 1000 yake nufi, kuma da dala yake lissafi, wato sefa biyar biyar, har dala ashirin ta zama sefa 100. Mai tacewa a Kano da bai san wannan ba zai gyara daidai ya mayar da shi kuskure. Haka nan idan marubuci ya sa Basakkwace yana magana a cikin labari, ba aikin edita ba ne ya mayar da shi Bakano. Daidaitacciyar Hausa ta mai ba da labari ce, bakin tauraro kuwa nasa ne. Ko sunan ƙasar ma ba a gama shawara ba: wasu Nijeriya, wasu Najeriya. Mai tacewa ba zai raba wannan gardama ba, amma dole ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai daga bango zuwa bango. Don haka ne ƙwararru ke buɗe takarda ta musamman ga kowane aiki, suna rubuta yadda aka amince a rubuta sunaye da ranaku da adadi da baƙin kalmomi.

Masu cewa kwamfuta za ta kashe sana'ar suna da rabin gaskiya. Manhajojin gyara sun ɗauke wa mai tace Turanci ƙananan kurakurai, kuma farashin irin wannan duba ya faɗi. A Hausa kuwa na'urar daga abin da ke intanet ta koya, abin da ke intanet kuma rabinsa babu lanƙwasa, kalmomi a haɗe inda ya kamata a raba. Tana iya fitar da jimla sumul wadda ba abin da marubuci ya ce ba ne, ko ta ɗauko karin maganar Turawa ta sa mata hula. Bin bayan fassarar na'ura ana gyarawa ya riga ya zama aiki mai zaman kansa, kuma wanda ya yarda da santsin jimla bai koma ga asali ba, shi ne farkon wanda za a sallama.

To ina ake koyo? Sassan nazarin harsuna na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna koyar da ƙa'idojin rubutu da nahawu, sassan aikin jarida kuma suna koyar da tace labari. A Ingila akwai ƙungiyar CIEP, a Amurka akwai ACES, dukansu suna ba da horo ta intanet ga mai tace Turanci. Amma takardar shaida ba ta gyara jimla. Masu ba da aiki jarrabawa suke yi: a miƙo maka shafi biyu cike da tarko, a ga nawa za ka tono. Abin da ke tsallakar da mutum shi ne yawan karatu, da ajiye ƙamus kusa, irin na Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da sanin yadda ake nuna gyara a Microsoft Word ta yadda marubuci zai ga kowane canji ya karɓa ko ya ƙi. Sai kuma saka maɓallan Hausa a waya da kwamfuta, abin da ba ya cin minti biyar amma har yau wasu da ke kiran kansu editoci ba su yi ba.

Akwai kuma hali. Mai tacewa kamar tela ne da aka kawo wa riga ya rage: da jikin mai rigar zai auna, ba da nasa ba. Sabon shiga yakan so ya nuna ya iya, ya bi kowace jimla ya sake ta, garin neman gira a rasa ido. Idan jimla ba ta karya doka ba, ba ta kuma rikita mai karatu ba, a bar wa mai ita. Inda aka yi shakka a tambaya a gefen shafi, cikin ladabi, domin marubucin da aka kunyata ba ya dawowa, kuma zai gaya wa goma.

Maganar kuɗi ita ce inda sana'ar ta fi rauni a wurinmu. Marubuci zai biya mai zanen bango, ya biya mai tsara shafi, ya biya maɗaba'a, idan ya zo kan gyara sai ya ce, "Malam, don Allah ɗan duba mini." Malamai da yawa kuma kunya ba ta barinsu su faɗi farashi, sai su karɓa su ajiye wata uku, su duba shafi goma na farko su mayar. Wanda ke son ya ci abinci da wannan aiki sai ya cire wannan kunya. Ya nemi ganin rubutun kafin ya yi ciniki, ya gyara shafi biyu ko uku kyauta don mai aiki ya ga bambanci da idonsa, sannan ya yanke farashi bisa yawan kalmomi, ba bisa shafi ba, tunda shafi ana iya matse shi. Ya faɗi ranar da zai gama, ya karɓi rabin kuɗi kafin ya fara, a kuma rubuta ko gyaran ya haɗa da duban ƙarshe bayan an tsara shafuka, domin a nan ne rigima ta fi tashi.