Daga Fadamar Karaye Zuwa Ƙololuwar Tsauni: Abin Da Sabon Mahayi Ya Kamata Ya Sani

Wanda ya tashi a Karaye, cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan ta Jega da Aliero da Maiyama, idonsa da gona da fadama ya saba. Da yawa daga mutanenmu ba sa sanin wahalar hawan dutse sai ranar da Allah Ya kira su Makka, suka tsaya a gindin Jabalun Nur suna ɗaga kai. Tsayin dutsen kimanin mita 640 ne kawai, kuma hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji, amma sau da yawa za ka ga ƙaƙƙarfan manomin albasa, wanda yake wuni a duƙe yana ban ruwa, ya zauna yana haki tun bai kai Kogon Hira ba, alhali wata tsohuwa mai sanda tana wuce shi a hankali. Dutse ya fi son mai haƙuri a kan mai ƙarfi.

A wasu ƙasashe hawan tsauni ya zama sana'a mai kawo kuɗi. Tun ranar 29 ga Mayu, 1953, da Edmund Hillary na ƙasar Niyuzilan da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa, suka fara taka ƙololuwar Everest mai mita 8,849, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa duwatsu. A nahiyarmu, Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895 shi ne ya fi jan sababbin mahaya, domin ba a buƙatar igiya ko ƙwarewa, tafiya ce ta ƙafa ta kwana biyar zuwa tara. Duk da haka hukumar ƙasar ba ta yarda kowa ya hau ba tare da jagora mai lasisi ba.

Ɗaya daga cikin dalilan wannan doka yana cikin jikin ɗan Adam. Idan aka wuce mita 2,500, iska takan yi sauƙi, abin da huhu yake samu a kowane numfashi ya ragu. A saman Kilimanjaro kusan rabin na bakin teku ne. Daga nan ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci suke farawa. In aka yi taurin kai aka ci gaba, ruwa na iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, wanda kan kai ga rasa rai. Wannan ciwo ba ruwansa da ƙuruciya ko ƙarfin damtse. Shi ya sa likitoci ke ba da shawara cewa da zarar an haura mita 3,000, kada wurin kwana na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. In alamun suka tsananta, magani shi ne saukowa nan take. Ga kuma sanyi: kowace mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6.

Wannan tsari na tafiya da jagora ba baƙo ba ne ga mutumin Jega. A ƙarni na 19 garin babban zango ne na fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma babu ayarin da yake tashi ba madugu. Shi ke sanin inda ruwa yake, shi ke cewa a tashi ko a yada zango, jagaba yana gaba yana duba hanya. Aikin jagoran dutse ke nan a yau: ya san hanya da yanayin sama, ya karanta fuskar matafiyi, ya kuma iya cewa "mu juya" ko da ƙololuwa tana gaban ido. Jagororin Kilimanjaro kalma ɗaya suke ta nanatawa da Sawahili, "pole pole", wato sannu sannu. Mu ma mun ce sannu ba ta hana zuwa.

Sabon mahayi ba sai ya fara da Tanzaniya ba. Ya gwada ƙafarsa a matakalar Dala a Kano, ko Kufena a Zariya. In gwiwa ta saba, ga duwatsun Shere kusa da Jos masu mita 1,829. Daga nan sai Chappal Waddi a Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, wanda mita 2,419 ɗinsa ta sa ya fi kowane tsauni tsayi a Nijeriya. Yana yankin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, mai hedikwata a Serti, kuma da rakiyar ma'aikatan gandun ake shiga. A Nijar kuwa akwai duwatsun Bagzan na ƙasar Azbin, da suka kai mita 2,022.

Guzurin ba mai yawa ba ne: takalmi mai kama ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, rigar sanyi, tocila, wadataccen ruwa, dabino da ƙuli-ƙuli. Rani ya fi dacewa, domin da damina dutse yana santsi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita. Sannan, a halin tsaron da ake ciki, a tambayi mutanen wuri da hukuma kafin a nufi kowane daji.

Ga matasanmu, musamman ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero masu sha'awar yawon buɗe ido: ku fita ku ga ƙasarku, amma ku tafi a ayari, ku biya jagora hakkinsa, ku kuma ji maganarsa. Da ɗan gari akan ci gari.