Ƙibar Yara: Tsakanin Gado, Tukunya da Filin Wasa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Gombe, daidai Inkil a garin Bauchi, da sassafe sa'ad da yara ke ɗunguma zuwa makaranta, in ya zura ido da kyau zai ga 'ya'yan gari ɗaya sun kasu biyu: ga wanda shekarunsa sun kai goma amma tsayinsa na ɗan shekara bakwai ne, ƙafafu kamar sillen kara, ga kuma wanda aka sauke daga Keke Napep, kumatu sun cika, wuyan riga ya shaƙe shi, kwalbar lemo a hannu guda, ledar biskit a ɗayan, yana haki tun bai kai ƙofar aji ba. Na farkon, kowa ya gan shi sai ya ce Allah sarki, domin mun san tamowa, mun kuwa sha wuyarta. Na biyun kuwa sai a shafa kansa a ce tubarkalla, yaro ya samu hutu, alhali da likita zai ɗora su bisa ma'auni, da ya ce kowannensu yana bukatar a dube shi.

Lalle muna da uzuri a kan wannan fahimta, gama binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Bauchi ma abin ya haura rabi, waɗanda nauyinsu ya wuce kima kuwa ba su fi kashi 2 ba. Sai dai mai hankali ba ya jiran ruwa ya ci gida kafin ya gyara magudana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1990 kashi 8 cikin ɗari ne na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 suke da nauyi fiye da kima, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato fiye da miliyan 390, daga cikinsu miliyan 160 ƙibarsu ta zama cuta. Wannan guguwa ta birane take fara shigowa, unguwannin da gari ya tarar da su irin Inkil kuwa su ne bakin ƙofa.

Idan aka yi wa uwa maganar jikin ɗanta, amsar da aka fi ji ita ce, "Ai jikinsu ne, haka ubansa yake." Maganarta tana da hujja. A 1986 wani likitan Amurka, Albert Stunkard, ya nazarci mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da riƙonsu tun suna ƙanana, sai ya tarar jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na mariƙansu ba, ko da yake tukunyar mariƙan suka ci. A 1994 Jeffrey Friedman ya gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa don ya sanar da ita an ƙoshi. Bayan shekara uku kuma likitocin Jami'ar Kambirij ta Ingila suka sami waɗansu yara biyu 'yan uwan juna, 'yan asalin Fakistan, da aka haifa ba su da shi, kullum cikin yunwa suke kome yawan abin da suka ci, kuma da aka riƙa yi wa irin waɗannan yara allurarsa sai cin ya ragu, jiki ya zube. Irin wannan larura nadiri ce ƙwarai, amma ta isa ta karantar da mu cewa yunwa da ƙoshi ba iri ɗaya Allah ya halicce su ga kowane yaro ba, saboda haka zalunci ne a tasa yaro gaba da gori ana kiransa ɗan lukuti ko aci-ci.

Amma fa gado iri ne, iri kuwa sai ya sami gona da damina yake tsira. Ƙabilar Pima ta Amurka ta Arewa jininsu ɗaya, amma wani nazari na 2006 ya tarar waɗanda ke zaune a jihar Arizona, suna cin abincin kanti suna hawa mota, kashi 38 cikin ɗari na manyansu suna da ciwon suga, 'yan uwansu da ke noma a duwatsun Meziko kuwa kusan kashi 7 ne kacal. Akwai kuma darasin da ya fi kusa da halinmu: a lokacin yunwar da ta auka wa ƙasar Holan a 1944 zuwa 1945, 'ya'yan da uwayensu suka sha yunwa a farkon ciki sun fi sauran ƙiba da suka zama samari, domin jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi ɓoye duk abin da ya samu. Ke nan yaron nan mai ƙafafun kara, in wadata ta zo masa da lemo da soye-soye, shi ma yana kan hanyar teɓa da hawan jini. Tamowa da ƙiba, ashe, ɗaki guda suka fito.

Game da tukunya kuwa, iyayenmu sun tashe mu da tuwon dawa da miyar kuka, da dambun zogale, da fura da nono, abin taɓawarmu kuma goruba ce da magarya da ɗinya, abinci mai dusa da ganye wanda ke zama a ciki ya daɗe bai nemi ƙari ba. Masar nan da Bauchi ta yi suna da ita ma, da miyar taushe ake cinta, mai kabewa da alayyahu. Yau kuwa yaro yakan karya da burodi da shayi mai suga cokali uku, ya ci taliyar leda da rana, ya kora da lemo, ga kuɗin tara da ke ƙarewa a kan alawa da cincin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2015 cewa abin da ya fi ga babban mutum shi ne kada sugan da yake sha a yini ya wuce kimanin giram 25, wato cokalin shayi 6, alhali gwangwanin lemo guda yana iya ɗaukar cokali 10. Gwamnatin Tarayya ta aza harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, amma harajin da ya fi tasiri shi ne na uwa da uba, ranar da suka mai da lemo abin sallah da biki, suka mai da ruwa da kunun da ba a cika wa suga ba abin yau da kullum. Malamanmu sun daɗe suna karantar da ladabin raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, suna kuma tsoratarwa daga israfi. Ilmin likitanci bai zo da abin da ya saɓa wa wannan ba.

Sai filin wasa. A da, in an yi la'asar, yara maza na can suna langa da kokawa har ƙura ta turnuƙe, 'yan mata kuma da farin wata suna gaɗa a dandali, ba wanda ya kira wannan motsa jiki, amma shi ne. Yanzu filayen sun zama fuloti an zagaye su da bulo, ƙwallo ta koma abin kallo a waya da gidan kallo, har yaro ya haddace sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen, ya san Wikki Tourists da filin Abubakar Tafawa Balewa, amma ya yi mako bai yi gumi ba. Abin da masana suka tsayar ga ɗan shekara 5 zuwa 17 shi ne aƙalla minti 60 na wasa mai sa haki kowace rana. Wasa shi kaɗai ba ya kankare ɓarnar baki, gama abin da yaro ya kwankwaɗe cikin minti biyu sai ya yi rabin sa'a ko fiye yana guje-guje kafin ya ƙone shi. Amma yana ƙarfafa zuciya da ƙashi, yana kyautata barci, yana kuma rage haɗarin ciwon suga ko da nauyi bai sauka ba.

Don haka ina kira ga masu unguwanni da hukumomin tsara gari da su keɓe wa yara fili kafin a yanka na ƙarshe, ga shugabannin makarantu kuma da su mai da lokacin wasa wajibi ga maza da mata, su kuma duba abin da ake sayarwa a bakin ƙofarsu. Ku kuma iyaye, ku kai yaro asibiti a auna tsayinsa da nauyinsa, kada ku sa shi yunwa da sunan magani, ku gyara tukunyar gidan gaba ɗaya domin kada ya ji an ware shi. Gadon jiki ba a hannunmu yake ba, amma kwano da fili suna hannunmu, 'ya'ya kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.