Mako Biyu a Sansanin Turanci: Da Me Yaro Ke Komawa Gida?

Yau za mu leƙa wata harka da ke bunƙasa duk lokacin dogon hutun bazara, daga watan Yuni zuwa Agusta, a ƙasashen da Turanci ba harshensu ba ne. A Italiya, ƙungiyoyi irin su ACLE mai cibiya a garin San Remo kan gayyato matasa daga Ingila da Amurka da Kanada, a ba su horo na 'yan kwanaki, a rarraba su garuruwa, su sauka a gidajen iyayen yara, su yi mako ɗaya ko biyu suna koyar da ƙananan yara Turanci ta hanyar waƙa da wasa da wasan kwaikwayo. A Koriya ta Kudu kuwa, iyaye da yawa kan ɗora 'ya'yansu a jirgi zuwa biranen Cebu da Baguio na ƙasar Filifin domin irin wannan sansani. Kuɗi ake kashewa masu yawa, kuma fatan iyaye ɗaya ne: yaro ya dawo yana zuba Turanci. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, sansani ba ya koya wa yaro harshe a mako biyu. Abin da yake iya yi shi ne ya cire masa tsoron buɗe baki, kuma ko wannan ba ya samuwa sai a hannun malamin da ya san aikinsa.

Mu fara da lissafi. Idan yaro ya yi kwana 10 a sansani, kullum awa 6, ya samu awa 60 ke nan, har da lokacin cin abinci da na ƙwallo. Hukumar jarrabawar Turanci ta Cambridge ta ƙiyasta cewa mai koyo na buƙatar awa 90 zuwa 100 a gaban malami kafin ya kai matakin farko, wanda ake kira A1, inda zai iya gaisuwa, ya faɗi sunansa, ya tambayi kuɗin kaya. Matakin B2, inda mutum ke hira ba tare da wahala ba, yana cin awa 500 zuwa 600. Don haka duk mai sansanin da ya yi wa iyaye alkawarin ɗansu zai ƙware a hutu ɗaya, ya faɗi abin da lokacin da ke hannunsa ba zai iya ɗauka ba.

To amma wani zai ce, ai wannan lissafin manya ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙwaƙwalwar yaro kuwa tana kama harshe ba tare da wahala ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai bincike ya nuna inda ta tsaya. A shekarar 1978, Catherine Snow da Marian Hoefnagel-Höhle sun bi sawun masu jin Turanci da suka koma Holan suna koyon harshen ƙasar, suka tarar a watannin farko 'yan shekara 12 zuwa 15 ne suka fi kowa sauri, ƙananan yara kuwa su ne a baya. Daga bisani Carmen Muñoz ta Jami'ar Basalona ta jagoranci dogon bincike a makarantun Sifaniya, wanda aka wallafa a 2006. Ta kwatanta yaran da suka fara Turanci suna shekara 8 da waɗanda suka fara suna 11, aka auna su bayan kowa ya samu adadin awoyi iri ɗaya, sai waɗanda suka fara da girma suka yi zarra a yawancin gwaje-gwajen. Ƙaramin yaro yana cin tseren ne a dogon zango, idan yana kwana yana tashi cikin harshen shekara da shekaru, kamar yadda yaran Zangon Kumasi ke tasowa da Hausa da Tuwi a baki ɗaya. Ƙuruciya na buƙatar dubban awoyi kafin ta nuna fifikonta, sansani kuwa ba shi da su.

Shin ke nan asarar kuɗi ce? A'a. A aji, yaro kan san Turanci a matsayin darasin da ake jan jar biro a kansa, wanda kuskure a cikinsa ke jawo dariyar 'yan aji. A sansani mai kyau, yakan gano cewa abin magana ne da mutane: da shi zai roƙi ruwa, da shi zai nemi a ba shi ƙwallo, kuma ko ya karya nahawu za a fahimce shi. Nagartattun malamai kan yi amfani da dabarar da masanin nan James Asher ya fito da ita tun shekarun 1960, inda malami ke ba da umarni yana aikatawa, tashi, zauna, taɓa hanci, yara na binsa da jiki kafin a nemi su furta ko kalma ɗaya. Haka kuma zaman ido da ido yana da tasirin da na'ura ba ta da shi. A 2003, Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa jariran Amurka 'yan wata 9 suka yi zama 12 da masu jin Sinanci suna yi musu wasa da karatu, sai jariran suka iya bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa darasin ta bidiyo ko aka kunna musu murya kaɗai ba su kama komai ba. Jarirai ne aka gwada, gaskiya ne, amma binciken ya nuna yadda kunnen ɗan Adam ke buɗewa idan mutum ne a gabansa yana kula da shi.

Nan ne maganar malami ta shigo, kuma nan ne harkar ta fi yin tuntuɓe. Sansanoni da yawa fasfo suke dubawa kafin takardar koyarwa. Shirin EPIK na gwamnatin Koriya ta Kudu ya daɗe yana ɗaukar malaman Turanci galibi daga ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Ƙwararren malami daga Nijeriya ko Ghana, wanda ya yi karatunsa kaf da Turanci, ba ya cikin jerin. Koriya ta Kudun dai ita ce ta gina ƙauyen Turanci na Paju a 2006, da tituna da gine-gine irin na Ingila, da Turawa a shaguna, amma wurin ya yi ta tafka asara har aka sauya masa manufa. Gini da launin fata ba sa koyarwa. Masu kare tsarin duba fasfo kan ce suna son yaro ya ji lafazi na asali. Amsar ita ce, masu magana da Turanci a matsayin harshe na biyu sun ninka waɗanda aka haifa da shi, kuma da su yaron zai fi yin hulɗa idan ya girma. Sannan wanda ya taɓa shan wahalar koyon harshe ya fi sanin inda ɗalibi ke maƙalewa. Ɗan jami'a mai shekara 20 yana iya zama da lafazin Landan tsantsa, amma ya rasa yadda zai yi da 'yar shekara 6 da ta fashe da kuka tana neman uwarta, ko yaron da ya yi gum kwana uku. Shi ya sa kwas ɗin horar da malaman Turanci irin CELTA, mai kimanin awa 120 tare da gwajin koyarwa a gaban mai sa ido, ya fi wurin haihuwa nauyi a ma'auni, kuma ko shi don manya aka tsara shi, mai koyar da yara na buƙatar ƙarin horo.

Akwai kuma masu cewa duk wannan harkar 'ya'yan masu hali ce, tana ƙara tazara tsakanin yara. Ba su yi ƙarya ba. Irin wannan damuwa na cikin abin da ya sa gwamnatin Sin a watan Yulin 2021 ta haramta darussan kuɗi a manyan fannonin makaranta, har da Turanci, a ranakun hutu. Sai dai idan mun yarda cewa ribar sansani ita ce sakin baki da son harshen, to wannan riba ba ta buƙatar tikitin jirgi. Malamin unguwa mai horo, da yara kaɗan, da waƙa da wasa da littattafan labarai, zai samar da ita. Kuma ko yaro ya je ƙasar waje, abin da ya samo zai dushe idan babu mai ci gaba da yi masa karatu da hira bayan ya dawo. Harshen gida kuma a riƙe shi da kyau, domin yaron da ya iya tunani da ba da labari da harshen uwarsa ya fi samun tudun dafawa wajen koyon na biyu.

Saboda haka iyaye, kafin ku biya, ku tambaya: wane horo malaman suka samu kan koyar da ƙananan yara? Yara nawa ne a hannun kowane malami? An binciki tarihinsu wajen hukuma kafin a damƙa musu amanar yara? Akwai babban da ke jin harshen yaron idan ciwo ko firgici ya taso da dare? Wanda ya kasa amsa waɗannan, kada ku ba shi ɗanku, komai kyawun hotunan tallarsa. Ku kuma matasa masu sha'awar wannan aiki, ku nemi horo kafin ku nemi biza.