Dabba Mai Bakin Agwagwa, Da Wahalar Ɗaukar Hotonta

'Yan'uwa manoma, a cikin halittun Ubangiji akwai wata ƙaramar dabba a koguna na gabashin ƙasar Ostiraliya da tsibirin Tasmaniya, wadda Turawa suke kira filatifus. Bakinta kamar na agwagwa, jikinta duk gashi, wutsiyarta mai faɗi, girmanta bai kai na kyanwa ba. Ƙwai take yi, galibi biyu, amma in ta ƙyanƙyashe sai ta shayar da 'ya'yanta da nono. Namijin kuwa yana da ƙaimi mai dafi a ƙafafun baya. Sa'ad da fatarta ta isa Ingila, masanin da ya duba ta a shekarar 1799, watau George Shaw, ya yi zaton wani mai wayo ne ya ɗinka bakin agwagwa a jikin wata dabba. Ba mu ga laifinsa ba.

To, masu ɗaukar hoto suna shan wahala da ita ƙwarai. Da rana tana kwance cikin rami a gaɓar kogi, sai da asuba ko da almuru take fita kiwo, lokacin da haske bai ishi kyamara ba. Mai hoto yakan zo tun da duhu, ya sa tufafi marasa haske, ya zauna shiru yana duban ruwa. Alamarta ita ce 'yan kumfa da ruwa yana zobe-zobe. Takan nutse kamar rabin minti, ta tara tsutsotsi da jatan lande a kumatu, sa'an nan ta taso ta tauna. Cikin ruwa idanunta da kunnuwanta a rufe suke, da baki take gane inda abincinta yake motsi. Saboda haka sai ta nutse mai hoto yake matsowa. Da ta taso, sai ya ƙame kamar kututture. Wurin da ya yi suna wajen ganinta shi ne Kogin Broken, a gandun dajin Eungella cikin jihar Kwinsilan, inda aka yi dakali domin masu kallo.

Amma abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne, gwanin hoto ba dabbar yake fara nema ba, gaɓar kogi yake dubawa. Inda itatuwa suke tsaye, saiwoyinsu sun riƙe ƙasa, nan take haƙa raminta. Inda aka sare itatuwa aka yi noma har bakin ruwa, ko shanu suka tattake gaɓa ta zube, yashi yakan cike gurbi, ƙwarin da take ci su ƙare. Can ko an kwana bakwai ba za a sami hoto ba. Wanda ya ga yadda zaizaya take cin bakin fadamunmu ya san wannan ciwo.

Manoman can ba su zauna ba. A shekarar 1986 aka soma ƙungiyoyin manoma da ake kira Landcare a jihar Biktoriya, kusan irin namu na gama kai. Cikin ayyukansu akwai kewaye gaɓar kogi da waya, da dasa itatuwan ƙasar, da kai wa shanu ruwa a kwami nesa da gaɓa. Har wa yau, a shekarar 2023 masana suka mayar da filatifus goma wani gandun daji kusa da birnin Sidni, inda aka yi shekaru kusan hamsin ba a gan su ba. A shekarar 2024 aka sami ɗa guda da aka ƙyanƙyashe a wurin.