Bikin Ranar Haihuwar Yaro da Ƙwallo a Nima: Ina Filin, Nawa Ne Kuɗin?

A shirinmu na makon jiya mun taɓo wata magana da ta shafi 'yan uwanmu masu safara tsakanin arewa da Akara, waɗanda suka ajiye iyali a Nima ko Mamobi. Mutum ya sauke albasa a Adjen Kotoku ko ya kai shanu kasuwar Tulaku a Ashaiman, ya iso gida a gajiye, sai yaro ya tare shi da cewa: "Baba, wata mai zuwa zan cika shekara goma, ina son a yi mini bikin ƙwallo kamar yadda aka yi wa abokina." Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna, saboda wanda bai samu saurare ba.

Da farko dai, kada ka yi mamakin yadda ƙwallo ta shiga jinin yaran nan. Mohammed Kudus ɗan Nima ne, an haife shi a shekarar 2000, ya buga wa ƙungiyar yara ta Strong Tower, kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi. Daga nan sai Denmak, sai Ajax ta ƙasar Holan a 2020, sai West Ham ta Ingila a 2023. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, shi ya zura wa Koriya ta Kudu biyu, Gana ta ci uku da biyu. To, yaron da yake bin lungun da Kudus ya bi, me kake tsammanin zai roƙa in ba ƙwallo ba?

Akwai malaman da ba sa son bikin ranar haihuwa, akwai waɗanda ba su ga laifinsa ba in babu sharholiya. Wannan tsakanin mutum ne da malaminsa. Wasu iyayen kan haɗa shi da walimar saukar karatu ko kammala jarrabawa, su buɗe da addu'a. Duk sunan da ka ba shi, tsarin ɗaya ne.

Babbar matsala ita ce fili. Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani dillalin shanu, ya samu wurin domin saukar baƙi da dabbobi. Wurin da shanu suka yi kiwo a da, yau ko akuya sai ta yi dabara kafin ta juya. Yawancin gidaje na haya ne, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya ce ga iyali da yawa, a nan ake girki, a nan ake shanya. Saboda haka kafin ka sayi ko da balan-balan ɗaya, sai ka fara da maigidan haya da matan gidan. Faɗa musu rana da lokaci, ka gayyaci 'ya'yansu. Wallahi rigimar da ƙwallo ɗaya za ta jawo in ta faɗa tukunyar miyar maƙwabciya, sai ta fi wata uku ba ta mutu ba.

In tsakar gidan ba za ta ɗauka ba, akwai hanya biyu. Ko dai a tare lungu na awa biyu da iznin mai unguwa da samarin da ke zama a bakin lungun, ko kuma a nemi fili, kamar na makaranta ko filin Kawukudi, wanda duk Bahaushen da ya ji sunansa zai yi murmushi. Fili irin wannan yana da masu kula da shi da ƙungiyoyin da ke atisaye, sai ka je da wuri ka ji sharaɗinsu. A ganinmu, ga yaran da ba su wuce shekara goma ba, lungu mai tsabta ya fi babban fili. Kai yara ashirin su tsallaka babban titin Nima, da motocin torotoro da 'yan babur, ba ƙaramin nauyi ba ne.

Amma lungu ma yana da nasa haɗarin, kuma a nan muka fi daɗewa a shirin. Kwatoci a buɗe suke, ga kuma babbar kwata da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Yaro in ya bi ƙwallo ba ya kallon ƙasa. Don haka a share wurin tun da safe, a kwashe ƙusa da fasasshiyar kwalba da guntun kwano, a rufe bakin kwata da katako, a ajiye babba ɗaya a kowane bakin lungu. Doka ɗaya ce, a faɗa wa yara tun kafin a busa usur: in ƙwallo ta fita, babba ne ke ɗaukowa. A kawar da murhu da kaskon suya daga wurin gaba ɗaya. In bikin ya faɗo a watan Mayu ko Yuni, lokacin da damina ta fi ƙarfi a Akara, hadari na haɗuwa a tashi. Mutanen garin ba su manta ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 ba.

Lokaci kuwa, bayan la'asar ya fi. Rana ta yi sanyi, yara sun dawo daga makarantar allo, kuma a Akara wajen ƙarfe shida magariba ke yi kusan duk shekara. Kana da awa biyu ke nan, kuma sun isa. Kauce wa Laraba in gidanka na kusa da Kasuwan Mamudu, don ranar kasuwa ce, ko'ina a cushe.

Shi wasan, a yi shi irin na gala, kamar yadda ake cewa a Gana: ƙungiyoyi ƙanana, mutum huɗu-huɗu, minti bakwai a canza. Duwatsu biyu ko takalma sun isa raga. A sayi ƙwallon roba mai laushi, ba ta fata ba, saboda tagogin mutane. Kada ka bar yara su zaɓi 'yan wasa da kansu, domin kullum akwai wanda za a bari a ƙarshe yana sunkuyar da kai. A rubuta lamba a takarda, kowa ya ɗauka. Ba sai an sayi riguna ba. Ƙyalle ja da rawaya da kore, launin tutar ƙasa, a ɗaura a hannu, shi ke nan. Sai dai ka yi hattara da raba su Hearts da Kotoko, don iyayen da suka zo kallo ne za su fara cacar baki.

'Yan mata fa? Wadda ke son ƙwallo a sa ta. Sauran ga ampe, wasan tsalle da tafi da kowace yarinya a Gana ta iya, ba ya cin fili ko kaɗan. Kai kuma da ka taso a ruga ko ƙauye, koya musu langa. Yaran birni da yawa ba su taɓa riƙe ƙafa ɗaya suna ture juna ba, kuma sai ka ga ta fi ƙwallon ba su dariya.

Maganar kuɗi. Abin da ke cinye aljihu ba wasan ba ne, hayar rumfa ce da kujeru da mai kiɗa da lasifika, kuma babu ɗaya da yaro ke bukata. Ware kuɗin tun kafin tafiya, kada ka taɓa uwar kuɗin fatauci. In kana kan hanya, a Paga ko Aflao, tura wa uwargida ta waya a dunƙule sau ɗaya, ku yi magana a kan iyakarsa. Abinci kuwa na gida ya wadatar: shinkafa da wake, ƙosai, zoɓo mai sanyi wanda a can suke kira sobolo, da lemo ko kankana a yanka. A tanadi ruwan leda da yawa, a ba su tsakanin wasa da wasa, abinci sai an gama gudu. A tambayi iyaye ko akwai mai asma ko mai sikila, don irin waɗannan ba a barinsu su galabaita; a ba su alƙalanci ko riƙon lissafin ci. Sannan a dafa fiye da adadin waɗanda aka gayyata. A zango ba a korar yaro daga bakin tukunya, ka gayyaci goma sha biyar, talatin za su zo.

Kyauta ma kada ta tsaya ga waɗanda suka ci kofi. Fensir da littafin rubutu ga kowa ya fi kofin roba ɗaya da zai sa sauran kuka. Ƙwallon kuma a bar wa mai bikin, da sharaɗin yaran gidan duka za su buga.

Kafin a kira magariba, a ƙirga yaran kamar yadda makiyayi ke ƙirga garke in ya dawo, a haɗa ƙanana da yayyensu su raka su gida. Sai a ba kowace ƙungiya buhu ɗaya, a ga wadda za ta riga cika shi da ledojin ruwan da aka zubar.