Tsarabar da doka ta hana: iri, dashe da dabbar da ke shigowa da cuta



Damana na ƙaratowa, ƴan ci-rani sun fara dawowa gida, kowa da abin da ya ƙullo. Wani tiya biyu ta irin wake da ya ga tana yi wa mutanen wani gari albarka, wani ɗan dashen mangwaro cikin leda, wani kuma zakara mai ƙiba da ya saya a tasha. Niyyar duk mai kyau ce. Sai dai cikin waɗannan akwai abin da doka ta hana a ƙetare iyaka da shi ba tare da takarda ba. Mutane da yawa ba su san dalili ba, abin da suke gani kawai ma'aikaci ya tsare kaya, sai a ce ai na goro yake nema. To, bari mu duba dalilin, kuma mu fara da abin da kowa ya sani a gonarsa.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ba baƙo ba ne a nan. Amma kun san a Amurka haramtaccen tsiro ne? A wajajen 1956 aka ga wani ɗan uwansa mai jan fure cikin gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu. Gwamnati ta killace yankin tun 1957. Ba a fitar da ƙasa, ko ciyawa, ko injin noma daga wurin sai an bincika an tsabtace. Duk da haka ya mamaye sama da hekta 150,000, kuma sun shafe fiye da shekara 50 suna fama da shi kafin su rage shi ya koma ƴan gonaki ƙalilan.

Me ya sa tsiro ɗaya zai ba ƙasa mai ƙarfi irin wannan wahala? Ƙwayar ƙuduji kamar ƙura take. Gindi guda yana zubar da dubun dubatarta, kuma tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Ba ta tsirowa sai ta ji ɗanɗanon ruwan da saiwar hatsi ko dawa ko masara ke fitarwa. Da ta ji, sai ta tsira ta kama saiwar tana tsotsa. Kafin ka ga furen a sama, ɓarnar ta riga ta yi nisa a ƙasa. Amurkawa sun yi mata dabara: suna tura wata iska cikin ƙasa mai yaudarar ƙwayar ta tsira alhali babu saiwar da za ta kama, sai ta mutu da yunwa. Mu ma muna da irin wannan dabarar ba da inji ba. Gujiya da riɗi suna sa ƙudujin hatsi ya tsira amma ba ya iya rayuwa a kansu, shi ya sa malaman gona ke nacewa a riƙa juya shuka. Abin lura a nan: ƙwayar da ido ba ya gani tana tafiya cikin tiyar iri, da ƙasar da ta manne wa dashe, da kashin dabba. Irin da ka ɗebo daga gona mai ƙuduji, da ƙudujin ka ɗebo shi.

Mu dawo gida. A Nijar, dokar da ke kula da wannan ita ce doka mai lamba 2015-35 ta ranar 26 ga Mayu 2015, ta kare tsirrai. Ita ta maye gurbin ta 1996. Hukumar da ke aiki da ita ita ce babbar ma'aikatar kare tsirrai, DGPV, wadda ke ƙarƙashin ministan noma, kuma tana da ma'aikata a jihohi da gundumomi da bakin iyaka, kamar Ɗan Isa a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya. A taƙaice dokar na cewa: akwai jerin ƙwari da cututtuka da ciyayin da ba a yarda a shigo da su, ko a ajiye su, ko a yi yawo da su ba. Mai shigo da iri ko dashe sai da izini, da kuma takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da kayan suka fito. Ma'aikaci na da ikon buɗe kaya, ya tsare su, ya sa a yi masu magani, ya mayar da su, ko ya sa a ƙona. Wanda kuma ya ga baƙon ƙwaro a gonarsa, wajibi ne ya kai labari. Ba Nijar kaɗai ba ce: akwai yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai tun 1951, a ƙarƙashin hukumar abinci ta FAO, kuma kusan duk ƙasashe da irin wannan takardar suke aiki.

Jerin ba ya tsayawa wuri guda, don abin da ba mu sani ba jiya yana iya zama a gonarmu yau. Masu garka sun tuna tsutsar tumatir da mutanen Kano suka sa wa suna sharon. Asalinta Amurka ta Kudu. Ta shiga Sipaniya a 2006, ta bi ta arewacin Afirka, a 2013 aka tabbatar da ita a Nijar. A 2016 ta yi wa arewacin Najeriya ta'asar da har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma sabuwar masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta tsaya don rashin abin sarrafawa. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ne ta yi rami, feshi ba ya isa gare ta sosai, kuma cikin wata guda ta girma ta sake yin ƙwai. Yadda take doguwar tafiya kuwa, kwando ne da akwati da ɗan dashe.

Ta biyun ta fi kusa da mu. Tsutsar masara, wadda ita ma daga nahiyar Amurka take, an fara ganinta a Afirka a farkon 2016, a kudancin Najeriya da maƙwabtanta. Cikin shekara biyu ta kusa game Afirka kudu da Sahara, har da Nijar. Masara ta fi so, amma tana cin dawa, tana taɓa hatsi. Ga yadda za ku gane ta: tana ɓuya cikin zuciyar kara, inda sabon ganye ke fitowa, ta bar kashi kamar garin katako jiƙaƙƙe. A kanta akwai zane kamar harafin Y da aka kifa, a kusa da wutsiyarta kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwar ɗaki. Uwarta ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, yana iya cin kilomita 100 kafin gari ya waye. Wannan kam, da zarar ta shigo, babu shingen duwan da zai tare ta. Lokacin tarewa shi ne kafin ta sauka daga jirgi, kuma ya wuce.

Haka yake ga ciyawa. Ku dubi garmani a burtali da makiyaya na jihar Maraɗi. Dabba ba ta damu da shi ba, shi kuma yana danne ciyawar da take so. Yanzu sai an tara jama'a ana biyansu su tuge shi, a sake shuka ciyawa, baɗi ya dawo.

Ga makiyaya, maganar ta fi tsanani, kuma tsofaffi sun gaji labarinta. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar ruwa ta Masawa, a Iritiriya, ɗauke da ciwon bushiya. Cikin ƴan shekaru cutar ta ratsa Afirka ta iso ƙasar Hausa, ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar. Garken da aka gada kaka da kakanni ya ƙare cikin kwanaki. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya, bayan shekaru na allura da tsare iyaka. Ƴan shanu kaɗan ne a jirgin ruwa suka jawo wannan duka.

Dokar kiwo mai lamba 2004-048 ta ranar 30 ga Yuni 2004 ita ce ta tanadi cututtukan dabbobi da dole a kai rahotonsu. Cikin waɗanda likitocin dabbobi ke sa wa ido akwai ciwon huhu na shanu, da annobar awaki da tumaki, da ciwon saifa, da murar tsuntsaye. Biyun farko su ne ake yi wa allura kyauta kowace shekara. An ba da sanarwar ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya, daga baya ta iso jihar Maraɗi. A 2016 kuma wani zazzaɓin da ke sa dabbobi ɓari ya kama makiyaya a yankin Cintabaradan da Tasara, mutum fiye da 30 suka rasu, yawancinsu masu mu'amala da dabbobin da suka kamu. Wannan ba nesa ba ne ga wanda garkensa ke hawa arewa da damana.

A nan ne gaskiya take da ɗaci. Mutum ya tashi da safe ya ga kaji biyar sun mutu, ya san in ya faɗa za a iya zuwa a kashe sauran, diyya kuma ba ta zuwa da wuri. Sai ya kwashe masu rai ya nufi kasuwar Sabon Maci ko Kornaka ya sayar da araha. “Ai gara in samu ko dala ɗari da in rasa duka.” Wa zai ce bai fahimci wannan lissafin ba? Amma wanda ya saya maƙwabci ne, kazar kuma ta kwana cikin kejin dillali da wasu hamsin. A ganinmu, hukuma na da nata nauyin: muddin mai kai rahoto shi ne mai asara, ɓoyewa ba za ta daina ba. Sai dai kafin a gyara wannan, cutar ba ta jira. Akuya ko saniyar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, kada a yanka, kada a feɗe, kada a sayar da fatar. Alamar ciwon saifa ce, yana kama mutum, kuma ƙwayarsa na zama cikin ƙasa shekara da shekaru.

Akwai wani haramcin da ke tafiya tare da wannan. In ƙwaro ya shigo, hannu na zuwa ga kwalbar da ta fi araha a kasuwa. Dokar 2015 ɗin ta shafi magunguna ma: wanda kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS bai amince da shi ba, bai halatta a sayar ba, kuma akwai waɗanda aka soke gaba ɗaya, irin su endosulfan da paraquat. Piya-piyar da ake zuba wa wake ita ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015. Buhu mai riɓi uku na PICS, wanda aka gwada a nan Maraɗi tare da masu binciken INRAN, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Ƴan uwa na waje, ku ma abin ya shafe ku, ta fuska biyu. In kuna komawa Turai, nama da madara da duk abin da aka yi da su haramun ne cikin jakar fasinja daga nan. Kilishi da cuku suna ciki, komai kyan ɗaurinsu. Tun ranar 14 ga Disamba 2019 kuma, ɗanyen ganye, da ƴaƴan itace, da irin shuka, da dashe suna bukatar takardar lafiyar tsiro. Ƴan kaɗan ne aka keɓe, cikinsu har da dabino, ayaba, abarba da kwakwa. A Amurka ana tambayarka ko kana ɗauke da abinci ko tsiro. In ka faɗa, mafi yawa karɓewa kawai za a yi. In ka ɓoye aka gano, tara ce. Hajiya ta kwana tana haɗa maka ƙulli, gaskiya ne, amma ka gaya mata tun da wuri abin da ba ya wucewa, ya fi a zubar da shi a filin jirgi.

Fuska ta biyu ita ce abin da kuke aikowa gida. Irin kayan lambu da ke cikin fakitin kamfani a rufe ya fi aminci a kan wanda aka ɗebo daga lambun wani aka ƙulle a tsumma. Dashe da ƙasarsa, wannan kada ma a fara. Wanda ke son taimaka wa gida da iri mai kyau, ya aiko da kuɗin a saya nan wurin masu sayar da tantancen iri, wanda aka riga aka gwada da ƙasarmu da ruwanmu.

Ga wanda ya riga ya iso da kayansa: sabuwar dabba ko kaza a ware ta kamar mako biyu zuwa uku, da kwanon ruwanta dabam, kafin ta shiga cikin sauran. Baƙon iri a kai wa malamin gona ya duba, a gwada shi a ɗan gefen gona inda ido ke kai. In an ga tsutsa ko ciyawar da ba a saba gani ba, a saka ta cikin kwalba ko leda a ɗaure, ko a ɗauki hotonta da salula, a kai wa mai gari ko ofishin magajin garin Mai Yara, su isar da ita ga ma'aikatar gona ta Dakoro. In dabba ce, a kira likitan dabbobi ko mataimakinsa na ƙauye, a hana yara da karnuka zuwa kusa da mushen har ya iso.